Inda Tungar Marke Take Kwance

Talata Mafara,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da suka sauke ka a Abuja. Ka gaishe mini da maigidan, ka ce ina godiya da ɗawainiyar da yake yi da kai. Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare ka a hanyar da za ka bi, ta ƙasa da ta sama, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwa ce dai ta ƙi, ita da idon hagu, na kuma daina yi musu faɗa.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali jiya muka yi waya. Sau uku ina gwada faɗa maka abin nan a waya, kowane karo sai in ɓuge da tambayarka ko ka sayi rigar sanyi. Shi ya sa na karɓi biron yayarka Saratu, na ce in na gama ta ɗauki hoton shafukan ta tura maka, kada kuma ta karanta. Na san za ta karanta.

Kwana tara suka rage jirginku ya tashi. Ina so ka ba ni biyu daga cikinsu. Amma ba zan roƙa ba sai na gaya maka dalili, dalilin kuwa ba mai daɗin faɗa ba ne, sai ka yi haƙuri da tsawon takardar.

Na kalli hotunan ƙauyen nan na Faransa da za ka zauna shekara biyu. Saratu ta riƙa buɗa mini su da yatsunta har na ga komai. Sunan garin dai na bar maka. Na gwada faɗarsa, innarka ta yi dariya har da riƙe ciki. Ɗan gari ne a gindin tsauni, gidajen dutse, rufinsu ja, mutanensa in an tara su ba za su cika kasuwar Janbako ko da rana ta yi sanyi ba. Na ga cocinsu da ka ce ta girmi kakannin kakanninsu. Na ga tanderun gari, wanda suke hura wa wuta sau ɗaya a shekara, kowa ya kawo ƙullunsa a gasa burodi tare, ko da yake kowane gida yana da nasa murhun. Na ga wurin wanki mai rumfa a bakin idon ruwa. Ka ce babu macen da ta yi wanki a wurin tun kafin a haife ka, amma ga shi a share, har da furanni a tukwane. Na ga injin niƙan da ruwan rafi ke juyawa, da dutsen da suka kafa a tsakiyar gari suka rubuta sunayen 'ya'yansu da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Na ga kuma tsohuwar da ka ce mabuɗin coci yana hannunta, mabuɗi kamar ludayi, ta riƙe shi tana hararar mai ɗaukar hoto.

Ka ce aikinku shi ne ku auna waɗannan gine-gine, ku zana su a takarda, ku zauna da tsofaffin garin ku rubuta abin da suka sani a kansu, domin in an tashi gyara a san yadda suke tun asali. Aiki ne mai kyau, ina alfahari da kai, na faɗa kuma ba zan janye ba.

Sai dai na ga abin da ba ka ambata ba. Tagogi da yawa a rufe suke. Ban ga yaro ko ɗaya a hanya ba. Makarantarsu ta zama ɗakin ajiyar kayan noman da, na hangi lauje irin namu sak an rataye shi a bango, an manna masa 'yar takarda. Garin nan ya gaji, Abba, ni na san gajiya in na gan ta. Amma ko a gajiyen, in ka tsayar da tsohuwar nan ka ce ta nuna maka ɗakin da aka haifi ubanta, za ta kama hannunka ta kai ka ƙofar. Wannan shi ya hana ni sukuni tun ranar da na ga hotunan.

Ka san garinmu na asali Tungar Marke ne, a ƙasar Maradun, kusa da tsohuwar Dosara, ka kuma san ruwan dam ya rufe shi. Abin da ba ka sani ba shi ne inda nake a lokacin.

Ina saurayi ne, sabon aure, kaina na rawa. Masu awo suka zo neman ma'aikata, aka ɗauke ni saboda na yi firamare ina jin 'yan kalmomin Turanci. Aikina shi ne riƙe sanda. Wata doguwar sanda ce mai zanen ja da fari, in tsaya da ita inda aka ce, Baturen awo ya leƙo ni ta madubinsa mai ƙafa uku, ya ɗaga hannu, in matsa gaba. In an gama, ni ne mai ɗaukar gwangwanin jan fenti in shafa wa duk abin da ruwa zai ci. An ba ni takalmin roba mai tsawo da hular kwano. In na shigo gari da yamma ba na cire su sai kowa ya gani. Da hannuna na shafa wa zauren mahaifina jan fenti, yana zaune a ciki yana kallona, har na ce masa ya ɗan janye tabarmarsa kada ya ɗiga.

Bayan an gama girbin ƙarshe, wata rana da muka idar da magariba, kakanka, wanda ka ci sunansa, ya kira ni ya ce, "Garba, gobe in Allah ya kai mu kak ka tahi aiki. Ina son mu zaga gari, ni da kai."

Na ce, "Baba, mi za mu gani ga garin ga wanda ba mu gani ba?"

Ya ce, "Ba gani za mu yi ba. Riƙewa za mu yi."

Na ce, "Ai masu awo suna da taswira. Komi na ciki, hal rumbunmu."

Ya ce, "Taswirar ga, ga hannunka take?"

Ya ce, "Kabarin innarka na ciki?"

Ka san mahaifiyata ta rasu ina ɗan shekara huɗu, ko fuskarta ban riƙe ba. Tambayar ta soke ni, amma maimakon in sunkuyar da kai sai na ji haushi. Na ce masa gobe akwai awo mai muhimmanci, in ban je ba za a ba wani sandata, mu bari sai wata rana. Da gari ya waye na sa takalmina na fita, na same shi a ƙofar gida da sandarsa, yayata Kulu, gwaggonka, tana tsaye bayansa da goyo. Ita ya ɗauka a madadina. Ta zo ganin gida ne daga gidan mijinta, ba ta ma shirya ba.

Daga baya na ji gutsuren abin da suka yi. Ya tsayar da ita a ƙofar zaurenmu, ya ce ta nemi abin da ruwa ba zai kai gare shi ba. Ya nuna mata wata kuka can a kan tudu, da wata tsaga a jikin dutsen da ke bayanta, ya ce duk inda ta tsaya ta ga kukar ta shiga cikin tsagar, to tana kan layin ƙofarmu. Ya juya da ita wani gefen, ya haɗa mata wasu abubuwa biyu kamar haka. Inda layukan nan biyu suka gamu, nan ne gida, ko a cikin kwalekwale mutum yake. Daga ƙofar kuma suka ƙirga taku zuwa rijiya, zuwa marken da garin ya ci sunansa, zuwa marina, zuwa masallaci, zuwa inda innarmu take kwance. Ya sa ta maimaita har ta haddace kamar karatu. Da na ji na yi dariya, na ce aikin tsofaffi. Sai da gashina ya yi fari na gane cewa abin da Baturen yake yi da madubinsa ke nan, babu bambanci, sai dai shi yana da takarda kakanka yana da Kulu. Taswirar kuwa ban taɓa sa ta a idona ba bayan an gama aiki. Motar da ta kawo ta ita ta tafi da ita.

To ka ji nasiha ta farko. In tsoho a garin can ya ce maka ka zo gobe ya nuna maka wani abu, ka ajiye duk abin da ke hannunka ka je, ko da kana ganin ka riga ka sani, ko da na'urarka ta riga ta auna. Ba ya kiranka don ba shi da abin yi. Ya duba jikinsa ne ya ga lokaci. Kuma kada kayan aikin da za su rataya maka su sa ka ji ka fi wanda ya tsufa a wurin sanin wurin. Ni takalmin roba kawai aka ba ni na zama haka, kai kuwa na ji har abin da ke tashi sama yana ɗaukar hoto za a ba ka.

Ta biyu ita ce ta ƙyaure. Da aka kwashe mu zuwa sabon matsuguni a kan tudu, kowa ya ɗauki abin da yake ganin ya fi masa. Kakanka ya bar gadonsa, ya ciro ƙyauren zaure ya ɗora wa jaki. Ƙyauren kirya ne, baƙi, mai nauyin tsiya, maƙerin garinmu ya bi shi da ƙusoshi masu faɗin kai. A bayansa, ta ciki, akwai 'yan tsage-tsage a jere. Duk jaririn da aka haifa a gidan, ranar suna maigida zai sa wuƙa ya ƙara ɗaya. Tun daga kakan kakanka ake yi. Tawa tana nan, ta biyu daga ƙasa, kusa da ta Kulu. A sabon gidan ƙofar ta yi masa kaɗan, bai shiga ba, sai ya jingine shi a ɗakinsa, yana kwana yana kallonsa har Allah ya karɓi ransa.

Ni na gaje shi. Lokacin na samu aiki a wajen noman rani, na gina gidan bulo a nan Talata Mafara, na sa ƙofar ƙarfe mai fenti kore, na sayi babur. Akwai kwata a ƙofar gida, babur ba ya iya tsallakawa. Na duba na duba, sai idona ya faɗa kan ƙyauren. Na shimfiɗa shi a kan kwatar, tsage-tsagen suna kallon ƙasa. Har yabon kaina na yi, na ce ga shi ya yi amfani.

Ranar da Kulu ta zo ganin sabon gida, ta tsaya a bakin kwatar ta daɗe. Na ce ta shigo mana. Ta tattare zaninta, ga goyon jika a bayanta, ga ƙwarya a ka, ta tsallake kwatar ta gefe, saura kaɗan ta faɗi. Ba ta taka shi ba. Ta sha ruwa, ta sa wa gida albarka, da za ta fita ta sake tsallakewa. Damina shida ya yi a wurin kafin ya karye. Rabin ya bi ruwa, rabin maƙwabta suka yi girki da shi. Kai ba ka samu tsagarka ba, Abba, haka yayyenka duka. Ni na yanke abin, ba wani ba.

Ba ina cewa ka zama mai tara tarkace ba. Amma in ka ga mutanen can suna lallaɓa wani ruɓaɓɓen katako ko wani dutse da kai ba ka ga abin so a jikinsa ba, kada ka yi musu dariya a zuci. Ka tambaya wa ya taɓa shi, ka juya shi ka dubi bayansa, in sun ba ka izini. In kuma suka tambaye ka irin ginin garinku, kada ka fara da gidajen bene na Abuja. Ka gaya musu na ƙasa ne, da tubali da azara, ka gaya musu da bakinka a buɗe. Ni kunyar ginin ƙasa ce ta kai ni ga abin da na yi.

Na gaji da rubutun nan, amma saura biyu kuma su ne manya.

Ranar sunanka Kulu ta zo tun asuba. Da ta ji an raɗa maka sunan mahaifinmu ta yi ta guɗa har muryarta ta dushe. Da hantsi ta tara mata da yara a tsakar gida, ta ɗauki kara tana zane a ƙasa, tana ba su labarin Tungar Marke. Ni ina zaure da abokan aikina, mutanen ofis, masu agogo. Sai ta aiko a kira ni. Da na leƙa ta ce, a gaban kowa, "Garba, taho ka zamna ka ji. Yau dai ka riƙe, don ka hwaɗa ma mai sunan Baba in ya girma."

Abokaina suna jiyo ta daga zaure. Na ji kamar ta tuɓe ni a kasuwa. Na ce, "Yaya, don Allah ki rabu da mu da zancen Tungar Marke. Kihi ya gaje ta."

Aka yi dariya, har da matan. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni, ta sa ƙafa ta share zanen, ta ajiye karan a jikin bango, ta tashi ta shiga wajen masu tuwo. Daga ranar zuwa Lahadin nan da ta wuce, shekarunka cur, ban sake jin zancen garin a bakinta ba. Ba mu yi gaba ba. Ina zuwa gaishe ta da salla, tana aiko mini da daddawa da kuka, in na yi ciwo ita ce ta farkon zuwa. Wannan ɗaki ɗaya ne kawai ta kulle, ni kuma girman kai ya hana ni ƙwanƙwasawa. Kai da kanka ka taɓa tambayarta kana sakandare, ta ce maka ta manta, ka je ka tambayi babanka. Ba ta manta ba.

Ka kiyayi bakinka a gaban mutane, musamman in kana so ka burge su. Kalmar da za ta sa baƙi dariya ta sa naka ya yi shiru, haɗiye ta. Abokan nan nawa yau ko sunayen wasunsu ba na tunawa. Tsohuwar can mai mabuɗi za ta maimaita maka labari ɗaya sau biyar, za ta ce ka auna ba daidai ba alhali daidai ka auna. Ka bar ta. In ka nuna mata gajiya sau ɗaya, za ta ci gaba da gaishe ka da fara'a har ka bar garin, ba kuwa za ka san abin da ka rasa ba.

Yanzu ga ta ƙarshe, wadda saboda ita na ɗauki biro.

Ka tuna shekarar da ruwa ya ja baya sosai, kana ajin ƙarshe a jami'a, ka matsa mini in kai ka ka ga tsohon gari. Lokacin hanya tana biyuwa. Muka hau babur muka je, muka ajiye shi a kan tudu muka gangara da ƙafa. Laka ta bushe ta tsattsage, ga kututturan itatuwa, ga fasassun tukwane, ga 'yan tuddai nan da can inda gidaje suka narke. Ka juyo ka ce, "Baba, ina gidanmu?"

Abba, na duba gabas na duba yamma, ko'ina iri ɗaya. Na ɗaga kai in nemi kukar, na ga kukoki sun fi goma a kan tudu, duwatsu kuma kowanne da tsagarsa. Garin da aka haife ni, garin da na bi gida-gida da gwangwanin fenti, na kasa gane ko da kusurwa ɗaya. Kai kuma kana tsaye kana kallona da idon nan naka, ka yarda babanka ya sani. Sai na zaɓi tudun da ya fi girma, wanda ke da karyayyen dutsen niƙa a kai, na nuna na ce, "Nan ne."

Ka cire takalmanka ka hau. Ka tambaye ni maƙabarta, na sake nuna wani wuri da hannu, ka juya can ka yi wa kakarka addu'a ka daɗe. Addu'ar ba ta ɓata ba, Allah ya san inda baiwarsa take. Amma tudun nan ban san na wane ne ba. Wataƙila gidan sarkin pawa ne. Wataƙila juji ne. Ka ɗauki hoto, ka tsinci katangar tukunya ka naɗe a hankici, muka dawo kana ta murna, ni kuwa ko abincin dare ban iya ci ba, na ce wa innarka rana ce ta buge ni.

Na yi zaton abin zai tsaya nan. Sai ga shi ka sa hoton a shafin farko na takardar da ka aika wa mutanen Faransa, ka rubuta a ƙasa cewa nan ne gidan kakanka, ka ce mini ma hoton ne ya ja hankalinsu suka zaɓe ka. Ka faɗa mini kana dariya, kana mini godiya. Ka ce za ka nuna wa mutanen ƙauyen ranar da za ka gabatar da kanka. Ƙarya na yi maka, ɗana. Babu wani suna da zan ba ta. Ina neman gafararka, ina kuma jin kunyarka fiye da yadda na taɓa jin kunyar wani mutum.

Abin da za ka gaya wa waɗanda suka ɗauke ka, kai ka san su, amma shawarata ka gaya musu gaskiya tun kafin ka kwance jaka. Hoton na Tungar Marke ne, wannan babu ƙarya, rubutun ƙasan ne za ka gyara. Kuma a cikin yarensu, kafin ka koyi sunan abinci, ka koyi yadda ake cewa ban sani ba, ka riƙa faɗarta ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Mai awon da ba ya iya faɗar wannan zai zana wa mutane ƙarya su rataye a bango, jikokinsu su yi rantsuwa da ita.

Ranar Lahadi na shiga mota na tafi Bakura. Ka san Kulu ta koma can wajen 'yarta tun da zaman ƙauye ya gagara. Na same ta a inuwar ɗaki a kan tabarma, ta rame, idanun sun yi fari, tari yana tsinka mata magana. Muka gaisa, ta tambayi innarka, ta tambayi gwiwata, ta tambayi kowa har awaki. Da gaisuwa ta ƙare sai na ci gaba da zama. Ta ce, "Garba, mi ya kawo ka? Yau ba salla ba, ba a yi mutuwa ba."

Na gaya mata duka, har tudun. Na zaci za ta yi faɗa, na ma fi son ta yi. Sai ta yi dariya, 'yar ƙarama, ta ce, "Mai dutsen niƙa bisa? Wanga ai bayan gari ne, inda Hulani ka sauka da shanu."

Ta laluba ta samo wani kara, ta ja layi ɗaya a ƙasa, ta ja na biyu ya ratsa shi. Na matso. Sai ta tsaya, ta sa tafin hannu ta share.

Ta ce, "Kukar tana nan, na tambayi masunta. Ni ce dai ban san ko ina nan ba baɗi. Na gaji da ɗaukar garin ga ni ɗaya, Garba. Shina da nauyi. Kullum in na yi sallar asuba sai na bi shi taku-taku don kak ya zube mini."

Na ce, "To ki sauke mini, Yaya."

Ta ce, "A'a. An ba ka, ka ce ana jiranka. Mai sunan Baba ya taho, shi ni ka ba."

To ka ji roƙona. Ka zo ranar Asabar, ka shigo motar safe, kada la'asar ta same ka a hanya. Ba bakin ruwa za mu je ba, wannan hanyar yanzu ba ta mutane ba ce, innarka ma ta ce in na kai ka can in nemi wani gidan. Bakura kawai, tsakar gidan 'yarta. Ka zo da manyan takardunka da igiyar awonka da abin ɗaukar magana. Ka taɓa ce mini akwai hotunan ƙasa da ake ɗauka daga sama; in ta faɗa maka kukar da dutsen, na san za ka iya nemo su a ciki, ka ja layukan nan biyu, ka sa ɗigo inda suka gamu. Kwana biyu nake so domin tana gajiya da wuri, kuma ba ta fara labari daga tsakiya. Ka gaishe ta a tsanake, ka ci abin da ta ba ka, kada ka dubi agogo.

Na san akwai sallama da abokai, da sayayya, da takardun da ba su ƙare ba. Na san za ka iya cewa a bari sai ka dawo, shekara biyu ai kamar gobe ne. Ni ma wata rana na ce. Na ji tarin nan nata da kunnena, Abba. In ka tafi ba ka zo ba, za ka dawo ka iya zana kowane dutse na garin wasu, naka kuwa babu sauran mai nuna maka ko da gefen da yake.

Sauran nasiha, ta salla a kan lokaci da abin da za ka ci da wanda za ka bari, innarka ta yi maka ita har ta yi yawa, ba zan ƙara ba. Ka riƙa kiranta ranar Juma'a, ko ba ka da abin faɗa.

Da zan taso daga Bakura na tsaya a bakin ƙofa na tambayi Kulu ko za ta yarda in zauna a gefe ranar da za ta faɗa maka, ba zan sa baki ba. Ta gyara zama a kan tabarmar. Sannan ta ce, "Ka zamna. In zai auna taku, wani ya riƙe mai bakin igiya. Aikin da ka iya ke nan."

Zan riƙe, in ka zo. Na riƙe wa baƙi aka shafe garin, ban ga abin da zai hana in riƙe wa ɗana ba, ko da gwiwar nan za ta kashe ni.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Allah ya sa ka shiga garinsu da alheri ka fito da alheri. Allah ya ba gwaggonka lafiya da nisan kwana, ya jiƙan kakanka da kakarka da duk waɗanda ke kwance a ƙarƙashin ruwan nan, waɗanda muka san inda suke da waɗanda muka ɓatar. Innarka tana gaishe ka, Saratu ma, wadda na san ta kai nan da karatu.

Ina sauraron motar Asabar.

Ni ne mahaifinka,
Garba.